SA AMFILIFAYA A MOTA BA TARE DA JAWO GOBARA BA

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Keffi, ta ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya, ta haura tudun Kugbo ta faɗa cikin birnin Abuja, ya san irin cunkoson motocin da ake yi a kanta safe da yamma. Tun sa'ad da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, jama'a ke ta kwarara zuwa waɗannan garuruwa na bakin birni, domin kuɗin haya a cikin birnin ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba takan ci sa'a biyu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya so ya gyara kayan sautin motarsa, ya saurari labaru, ko karatu, ko wa'azi, ko waƙa, ya rage wa kansa tsawon zama. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya sa aka rubuta wannan darasi shi ne, yawancin masu motoci ba su san cewa wayar da ake ja daga batir zuwa amfilifaya ita ce waya mafi haɗari da za a iya ƙara wa mota ba, kuma sau da yawa akan bar aikinta a hannun yaron shago wanda bai fi wata uku da fara koyo ba.

A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta kusa da gadar Karu, ta afka cikin motocin da ke jere a cunkoson yamma, wuta ta tashi, motoci da dama suka ƙone, aka kuma yi hasarar rayuka. Ba wayarin ne ya haddasa wannan masifa ba. Amma ta nuna wa kowa abin da wuta ke yi a inda motoci suka haɗa hanci da gindi, babu gaba babu baya, babu kuma ta inda motar 'yan kwana-kwana za ta kutsa. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Motar da ta kama wuta a cikin cunkoso ba mai ita kaɗai take wa ɓarna ba.

Batir ba abin rainawa ba ne

Rediyon mota tsohon abu ne. A 1930 kamfanin Galvin na birnin Shikago a Amurka ya fara sayar da irin nasa da sunan Motorola, a 1932 kuma Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa. Har zuwa zamanin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, rediyon mota da kaset ɗinsa ba su cin wata wuta ta a zo a gani. Siririyar waya da ɗan ƙaramin fiyus sun wadatar. Rediyon motar yau ma fiyus mai amfiya 10 ne yawanci ke bayansa. Amfilifaya kuwa wata aba ce dabam, kuma sai an fahimci lissafinta kafin a gane inda haɗarin yake.

Ana auna wutar lantarki da abubuwa uku. Akwai bolt, watau ƙarfin turin wutar. Akwai amfiya, watau yawan wutar da ke gudana cikin waya, kamar yadda ruwa ke gudana cikin bututu. Sa'an nan akwai wat, watau aikin da wutar ke yi, kuma ana samunsa ne in an ninka bolt da amfiya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Dutsen guga mai wat 1,000 a gida bai fi amfiya huɗu da 'yan kai yake ja ba. To, amma batirin mota bolt 12 ne kacal, yakan kai wajen 14 in injin yana aiki. Don a sami wannan wat 1,000 ɗin daga bolt 12, sai an ja amfiya fiye da 80. Watau ke nan wayar amfilifaya tana ɗaukar wutar da ta ninka ta dutsen guga kusan sau ashirin.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna ganin tun da batirin mota ba ya jan mutum in ya taɓa shi, ai ba wata wuta ce mai haɗari ba. Gaskiya ne ba ya ja. Amma batirin da ke juya injin mota da safe yana iya fitar da amfiya ɗari huɗu, ko biyar, ko fiye, cikin ƙiftawar ido. Ƙarfen jikin mota kuwa gaba ɗayansa a haɗe yake da kan batir mai alamar ɗebewa. Saboda haka duk inda wayar da ta fito daga kai mai alamar tarawa ta goge ta taɓa ƙarfe, nan take batir zai juye duk abin da ke cikinsa ta wannan wuri. Wayar takan yi ja wur kamar ƙarfen maƙera, robar jikinta ta narke ta kama, daga nan sai kafet, sai soson kujeru. Kuma a lura da kyau: wannan waya daga batir take kai tsaye, ba ta bi ta makulli ba. Ko an kashe mota an zare makulli an shiga gida an kwanta, wutar tana nan cikinta. Shi ya sa akan ji mota ta kama da wuta da tsakar dare a ƙofar gida, a yi ta neman wanda za a ɗora wa laifi.

Domin haka aikin farko, tun kafin a kwance ko noti ɗaya, shi ne a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, a kawar da shi gefe inda ba zai koma ya taɓa ba. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe. Dalili kuwa shi ne, in sifana tana kan wannan kai ta taɓa jikin mota, ba abin da zai faru, don dama a haɗe suke. In kuwa ɗaya kan aka fara kamawa sifanar ta zame ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi da ƙuna. Mai aiki ya cire zobe da agogon ƙarfe, kada kuma a sha taba kusa, domin batir yakan fitar da iska mai kamawa da wuta.

Kaurin waya, da abin da aka yi ta da shi

Kafin a sayi waya sai an san abin da amfilifayar za ta ja. Kada a dubi manyan lambobin da ke jikin kwali. Za a ga an rubuta wat 3,000 ko 5,000 da jan fenti, wani lokaci da haruffan PMPO a gefe. Wannan lissafin 'yan kasuwa ne, ba ya auna kome. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita. In ba a same ta ba, akwai wata dabara mai sauƙi. A dubi fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar kanta. In mai amfiya 30 ne, a ninka 30 da bolt 14, za a sami 420. Iyakar wutar da za ta iya shiga cikinta ke nan, abin da zai fito ya zama sauti kuma bai kai haka ba, domin wani kashi yakan tafi a zafi. Ashe ke nan wat 3,000 ɗin nan tatsuniya ce.

Alal misali, a ɗauki amfilifaya mai wat 500 na gaskiya. In irin ta zamani ce wadda ake kira ajin D, wadda ba ta ɓarnar wuta ƙwarai, za ta ja kamar amfiya 45 in an ƙure ta. In kuwa tsohon samfuri ce, ajin AB, za ta ja 65 zuwa 70. Daga batir a gaba zuwa but a baya, in an bi lungu da saƙo, waya takan kai mita biyar. Yanzu a ce wani ya ɗauko wayar soket ta gida, mai kaurin milimita murabba'i biyu da rabi, ya ja ta wannan tsawo ya ɗora mata amfiya 45. Lissafi ya nuna wayar kaɗai za ta riƙa fitar da zafin wat 75, watau kamar a ce an kunna tsohon ƙwan fitila mai zafin nan an tura shi ƙarƙashin kafet an rufe. Fiye da bolt ɗaya da rabi kuma zai salwanta a hanya, amfilifaya ta rasa abincinta, sauti ya shaƙe. Wani abin da ya kamata a riƙe shi ne, in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu.

Wayar kayan sauti ana sayar da ita ne da lambar geji, bisa ma'aunin Amurka, kuma lambar a juye take: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Geji 8 ya ɗan ɗara milimita murabba'i 8, geji 4 kamar 21 ne, geji 0 kuwa ya haura 50. In jan ƙarfe ne tsantsa, geji 8 yana ɗaukar amfiya 50, geji 4 yana ɗaukar 100 zuwa 125, geji 0 kuma wajen 250. Ga amfilifayar da muka yi misali da ita, geji 8 yana bakin iyakarsa, don haka geji 4 ya fi kwanciyar rai. Kaurin waya bai taɓa ɓata aiki ba, sirantarta ce ke ɓatawa.

Sai dai kasuwa ta cika da algus iri biyu, kuma ya kamata mai saye ya buɗe ido, ko a Kugbo yake saye, ko a Apo, ko a Kano, ko a Onica. Na farko, waya mai ƙaton jiki wadda in an yanka ta sai a tarar roba ce ta yi yawa, ƙarfen ciki bai fi tsinken tsintsiya ba. Na biyu ya fi wuyar ganewa: wayar alminiyam ce aka shafe ta da jan ƙarfe a sama. Masu gaskiya sukan rubuta CCA a jikinta, marasa gaskiya ba su rubuta kome. Alminiyam ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe, abin da yake kaiwa bai fi kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke kaiwa ba, ga saurin karyewa, ga shi yakan ci ya zama gari a bakin mahaɗi in damina ta ratsa shi. Gane ta ba wuya: a kankare silin wayar da wuƙa, in cikin ya fito fari, alminiyam ce, in an ɗaga ta kuma za a ji ba ta da nauyi. Wanda ba shi da halin sayen jan ƙarfe tsantsa, wanda akan rubuta wa OFC, to, tilas ya ƙara kauri da mataki guda, ya sa geji 4 inda da geji 8 zai sa. Araha dai ba ta ado.

Fiyus na bakin batir

In da za a ce a zaɓi abu ɗaya tak daga cikin wannan darasi, to, wannan ne. Lalle ne a sa fiyus a kan babbar waya kusa da batir, kada nisansa daga kan batir ya wuce kamu ɗaya, watau inci 18 ko santimita 45. In ya samu a ɗani ɗaya, ya fi kyau.

Sau da yawa mai wayarin zai ce ai amfilifaya tana da nata fiyus, ba sai an ƙara ba. Wannan kuskure ne babba. Fiyus ɗin jikin amfilifaya ita yake karewa, kuma yana can ƙarshen waya, a but. In wayar ta goge a tsakiyar hanya, ƙarƙashin kujerar direba, wutar ba za ta ma isa wurinsa ba balle ya yanke ta. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus na farko ba shi da mai tsaro, shi ya sa ake so wannan tsawo ya zama gajere iyakar iyawa. Fiyus na bakin batir waya yake karewa, da motar, da mutanen da ke cikinta.

Tun da yake waya yake karewa, da ita ake auna shi. Yana iya zama ƙasa da abin da wayar ke ɗauka, amma ko kusa kada ya haura. Fiyus mai amfiya 60 a kan geji 4 daidai ne ga misalinmu. Fiyus mai amfiya 150 a kan geji 8 kuwa ado ne kawai, domin wayar za ta riga shi ƙonewa. Haka nan in an raba babbar waya zuwa ƙanana biyu don amfilifaya biyu, kowace ƙarama sai an ba ta nata fiyus a wurin rabuwar.

Akwai wata mummunar al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Fiyus ya tsinke, maimakon a nemi dalili, sai a naɗa masa silin waya, ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko a cusa wanda ya fi shi girma, a ce wa mai mota an gyara. Ba a gyara kome ba, an kori mai gadi ne don ya yi ihun ɓarawo. Ruwa ba ya tsami banza. Fiyus ɗin da ya tsinke sau biyu a jere yana faɗin cewa akwai inda waya ta goge, ko kuwa amfilifayar ta lalace daga ciki.

Hanyar da waya za ta bi

Tsakanin injin da ɗakin fasinja akwai bangon ƙarfe, kuma tilas waya ta ratsa shi. A yawancin motoci akwai ramin da kamfani ya riga ya huda ya toshe da roba. A nemi irinsa a bi. In dole sai an huda sabo, a leƙa bayan wurin tukuna, a goge kaifin bakin ramin, a sa masa zoben roba kafin a zura waya. Naɗa salatif ba ya maye gurbin zoben nan. Mota tana girgiza duk tsawon tafiyarta, balle a hanyoyin cikin unguwa irin na Jikwoyi da Kurudu bayan ruwan sama, bakin ƙarfe kuma yana cin roba a hankali kamar zarto. Aikin da ya yi kyau ran da aka gama shi yana iya zama gobara bayan wata shida.

Kada a bi da waya ta bakin ƙofa inda murfi zai riƙa matse ta, kada a bi da ita ta ƙarƙashin mota kusa da salansa. A cikin injin a nisanta ta da duk abin da ke zafi ko juyawa, a sa ta cikin bututun roba, a ɗaure ta tazara kaɗan kaɗan. A ƙarƙashin sitiyari a tabbata ba ta kusanci birki da kuloci da totur ba. A cikin ɗaki a bi da ita ta gefen dandamalin ƙofa, ƙarƙashin robobin da ke rufe da kafet, nesa da layin da kujera ke zamewa a kai. Wayoyi masu launin rawaya a mahaɗinsu na jakar iska ne, ba a taɓa su, ba a jona kome a kansu. A motocin nan masu haɗa fetur da lantarki kuma akwai manyan wayoyi masu ruwan lemo. Waɗannan suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, suna kisa, sai wanda ya koyi aikinsu musamman.

Wayar komawa

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Wayar da ke mayar da ita, wadda ake ɗaurawa a inda aka rubuta GND a jikin amfilifaya, tana ɗaukar daidai abin da babbar waya ta kawo, saboda haka kaurinsu ɗaya ne. Akan ga wanda ya kashe kuɗi ya sayi geji 4 don kawo wuta, sa'an nan ya mayar da ita ta wani guntun sili da ya tsinta a ƙasa. A yi ta gajeriya, kada ta wuce kamu ɗaya. A sami ƙarfe mai kauri na ainihin jikin mota, a goge fentin wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, a matse wa wayar kai mai zobe, a ɗaure da noti tamau, sa'an nan a shafa ɗan giris ko fenti a bisa don tsatsa. Kada a kwance notin bel ɗin kujera don wannan aiki. An ɗaure shi ne don ya riƙe ran mutum. Mahaɗin da ya yi sako-sako yakan yi zafi, kuma shi ne asalin yawancin kukan nan mai kama da na sauro da ke tashi cikin sifika in an taka totur.

Sauran ƙananan wayoyi ba su da wuya. Shuɗiya mai farin zane da ke fitowa daga bayan rediyo ita ake kai wa inda aka rubuta REM, ita ke tada amfilifaya in an kunna rediyo, ta kashe ta in an kashe. Wanda ya haɗa wannan wuri da babbar waya don gudun wahala zai wayi gari batir ya mutu. Wayoyin da ke kawo sauti daga rediyo kuma an fi so a bi da su ta ɗaya gefen motar, ba tare da ta wuta ba. Game da sifikoki, a duba lambar om da ke bayansu. Biyu masu om 4 in an haɗa su kai da kai sun koma om 2, huɗu sun koma om 1, kuma duk sa'ad da lambar ta ragu, wutar da amfilifaya ke ja ƙaruwa take. Kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da za ta jure. Masu motocin haya da masu tallar magani da ke jera sifikoki barkatai su kula da wannan.

Abin da ke cikin but

A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja yakan haura digiri 35 a inuwa, cikin but ɗin motar da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa. Amfilifaya tana bukatar iska. Kada a kife ta, kada a binne ta ƙarƙashin kafet, kada a jibga mata buhun shinkafa ko tabarma. Kafin a ɗaura mata ƙusa a ƙasan but a leƙa ƙarƙashi, domin a motoci da yawa tankin mai da bututun birki suna daf da wurin.

Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, motoci da yawa, musamman na haya, sun koma amfani da iskar gas, tukunyar kuma a but ake girke ta. Gas ɗin da ke cikinta a matse yake ƙwarai da gaske. Mai irin wannan mota kada ya yarda a huda kome, ko a ja babbar waya, kusa da tukunyar da bututanta, sai da shawarar waɗanda suka girka ta. Ya fi kyau a nemi wa amfilifaya wuri ƙarƙashin kujerar gaba in akwai sarari. Haka kuma jarkar fetur da amfilifaya ba su zama but ɗaya. Akwatin wufa shi ma a ɗaure shi da jikin mota. In mota mai gudun kilomita 50 a sa'a ta yi karo, abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da wannan gudu, daidai da a ce an sako shi daga tsawon mita goma, ga yara zaune a kujerar baya.

Gwaji

In an gama, a bi kowane mahaɗi da ido da hannu, a tabbata ba silin da ya fito ya kusanci maƙwabcinsa. A sa fiyus, sa'an nan a mayar da kan batir. Maɓallin da aka rubuta wa GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. A mayar da shi ƙasa, a buɗe rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga shi sannu sannu har sauti ya fara ɓaci, sai a ɗan koma baya a bar shi nan. Bayan an yi kamar minti goma sha biyar ana saurare, a taɓa babbar waya da gidan fiyus da wurin da aka ɗaure wayar komawa. Ɗumin amfilifaya ba kome ba ne, amma waya ko mahaɗi bai kamata ya yi zafi ba. Mai wayarin na ƙwarai yana da mitar awo. Ya auna a kan batir, ya auna a bakin amfilifaya tana cikin aiki, in bambancin ya wuce rabin bolt akwai gyara.

In fitilun gaba suna lumshewa duk sa'ad da ganga ta buga, to, altaneta ce ta gaza. Ta ƙaramar mota ba ta cika wuce amfiya 70 zuwa 100 ba, motar kanta kuma ta riga ta cinye mafi yawa da fitilu da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ga shi a cikin cunkoso injin a hankali yake juyawa, cajin ya ragu. Kafasitar da 'yan kasuwa ke tallatawa ba ta ƙirƙirar wuta, ajiya kawai take yi ta ɗan lokaci. Magani shi ne a rage amfilifaya ko a sa altaneta mafi girma tare da wayoyin da suka dace da ita.

Kunne ma yana da hakki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 har sa'a 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 sa'a huɗu ne kawai, a desibel 100 kuwa kamar minti 20. Wanda ke kwashe sa'a biyu kullum tsakanin Nyanya da Sakatariyar Tarayya sai ya yi wa kansa lissafi. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ban da haka, direban da bai ji jiniyar motar asibiti ko ham ɗin tirelar da birkinta ya tsinke a gangaren Kugbo ba, ya rasa gargaɗin da zai cece shi. Tun 2009 kuma akwai dokar tarayya ta hana damun jama'a da ƙara, wadda hukumar NESREA ke kula da ita.

In wuta ta tashi

Warin roba mai ƙuna shi ne gargaɗin farko, kada a jira hayaƙi. A ratse gefe, a kashe injin, a fitar da kowa, yara tukuna, a nisanta su daga motar da kuma kan titi. In wutar ba ta riga ta kama ba kuma ana iya kai hannu ga batir lafiya, a cire kai mai alamar ɗebewa, don muddin yana haɗe wayar za ta ci gaba da ƙuna. Saboda wannan yana da kyau sifanar da ta dace da shi ta zauna a aljihun ƙofar direba, ba a but ba. In hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin bonet, kada a wangale shi, iska ce za ta rura wutar. A ɗan ɗaga shi kaɗan a fesa ta kafar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa kowace mota ɗaukar tukunyar kashe gobara. Mai garin hoda ita ta dace da wutar lantarki da ta fetur, kuma a riƙa duba allurarta, a ga tana kan kore. Ƙaramar tukunya cikin 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa, saboda haka gindin wutar ake nufa da ita, ba harshen ba. In wuta ta kai ga kujeru ko ta doshi tanki, a bar motar, kada a koma ɗauko waya ko takardu, a gargaɗi motocin da ke kusa, a kira lamba 112 ta agajin gaggawa, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Wanda inshorarsa ƙarama ce, irin wadda doka ta tilasta wa kowa, ya sani ita ɓarnar da ya yi wa wasu take biya, ba ta biyan motarsa da ta ƙone.